Sakatar da Masu Ita Suka Zare: Zaɓen Sanatocin Amurka Gabanin Yaƙin Basasa

Ranar 5 ga Janairun 1859 'yan majalisar dokokin jihar Illinois su 100 suka taru a zaure ɗaya a garin Springfield domin fitar da wanda zai wakilci jihar a Majalisar Dattawan Amurka. Da aka gama lissafi, Stephen Douglas na jam'iyyar Dimokurat na da ƙuri'a 54, Abraham Lincoln na Rifablikan na da 46. Kowa ya bi jam'iyyarsa, babu wanda ya sauya sheƙa. Wata biyu kafin wannan zama jama'ar jihar sun fita zaɓe bayan sun shafe bazara da kaka suna sauraron mutanen nan biyu, amma a takardar ƙuri'ar da suka jefa babu sunan Lincoln, babu na Douglas. Ɗan majalisar mazaɓarsu suka zaɓa, shi kuma ya je Springfield ya zaɓa musu sanata.

Idan aka tashi ba da labarin yadda Amurka ta faɗa yaƙin basasa, yawanci akan fara ne daga zaɓen shugaban ƙasa na 1860. A ganina an makara. Tun shekara goma kafin nan wutar ke ci a irin wannan zaure na Springfield, jiha bayan jiha, inda ake cire dattawan da suka iya zama da abokin hamayya ana maye gurbinsu da waɗanda aka aiko su yi faɗa.

Kundin tsarin mulkin 1787 ya ba kowace jiha kujera biyu a Majalisar Dattawa, komai yawan jama'arta ko ƙarancinsu. Wa'adi shekara 6 ne, kuma duk bayan shekara 2 ake sabunta kashi ɗaya cikin uku. Majalisar dokokin jiha ce ke zaɓen, haka aka ci gaba da yi har 1913 da aka yi wa kundin gyara na 17 aka mayar da zaɓen hannun jama'a. Mai karatu ya ƙaddara cewa 'yan majalisar dokokin Kano ko Katsina ne za su zauna su fitar da sanatocin jihar, har su riƙa aika musu da umarnin yadda za su jefa ƙuri'a a Abuja. Haka abin yake a can. Waɗanda suka tsara shi sun yi fatan a samu majalisar da hayaniyar kasuwa ba ta isa gare ta.

Ga Kudancin ƙasar, inda arzikin auduga da taba da rake ya rataya a wuyan bayi, wannan majalisa ita ce sakatar gida. A Majalisar Wakilai da yawan jama'a ake raba kujeru, kuma duk da cewa kundin ya yarda a lissafa kashi uku cikin biyar na bayi a ƙara wa iyayengijinsu wakilci, Arewa ta yi wa Kudu fintinkau saboda baƙin da ke kwararowa daga Turai. Saura Majalisar Dattawa. Shi ya sa aka riƙa karɓar sabbin jihohi bibbiyu, ɗaya mai bauta ɗaya marar bauta, tun daga yarjejeniyar 1820 da ta shigo da Missouri da Maine. Amfanin sakatar ya fito fili lokacin yaƙi da Meziko. David Wilmot ya kawo ƙudurin hana bauta a duk ƙasar da za a ƙwato, Majalisar Wakilai ta amince a 1846 ta sake amincewa a 1847, a Majalisar Dattawa ya mutu. A lokacin da Wisconsin ta shigo a 1848 lissafi ya tsaya 15 da 15. Sai Kalifoniya ta zo a 1850 ba ta da abokiyar tafiya. John Calhoun na South Carolina, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har sai da wani ya karanta masa jawabinsa a watan Maris na shekarar, ya yi kukan cewa ma'auni ya karkace kuma ba zai sake miƙewa ba. A ƙarshen watan ya rasu. Minnesota ta shigo a 1858, Oregon a 1859, lissafi ya koma 18 da 15.

Duk da haka Kudu ba ta rasa majalisar ba, domin tana da abokai. Sanatocin jam'iyyar Dimokurat na Arewa, har da na Kalifoniya da Oregon, sukan jefa ƙuri'a tare da ita. Wato rayuwar sakatar ta koma kan tambaya ɗaya: majalisun jihohin Arewa za su ci gaba da aiko irin waɗannan mutane?

A nan ne tsarin zaɓen ya nuna halinsa. Tunda sai ɗan takara ya samu rinjaye a majalisar jiha, 'yan tsiraru masu taurin kai kan iya riƙe wuyan kowa. Haka jam'iyyar masu adawa da yaɗuwar bauta, wadda ba ta da yawa, ta samar wa Salmon Chase kujera a Ohio a 1849. Haka aka shafe wata uku ana ja-in-ja a Massachusetts a 1851 kafin Charles Sumner ya tsallake da ƙyar. Wani lokaci kuma a kasa daidaitawa kwata-kwata. Tsakanin 1855 da 1857 Missouri da Indiana da Kalifoniya kowacce ta bar kujera ɗaya babu kowa a kanta.

Lincoln kansa ya ɗanɗana wannan tun kafin 1858. A watan Fabrairun 1855 ya shiga zauren Springfield da ƙuri'a sama da 40 a zagayen farko, ya fi kowa. Lyman Trumbull na da 5 kacal. To amma mutum biyar ɗin nan tsofaffin 'yan Dimokurat ne da suka bar jam'iyyarsu kan batun bauta, kuma sun rantse ba za su zaɓi ɗan tsohuwar jam'iyyar Whig irin Lincoln ba. Ana ta zagaye ƙuri'un Lincoln na zagwanyewa, 'yan Dimokurat kuma suka sauya ɗan takara suka kawo gwamna Joel Matteson, ya kusa kai bantensa. Lincoln ya ce wa mutanensa su koma bayan Trumbull. A zagaye na goma Trumbull ya ci. Matar Lincoln, Mary, ta yanke hulɗa da matar Trumbull wadda ƙawarta ce tun suna 'yan mata, amma shi Lincoln ya haɗiye. Ina ganin wannan haɗiyar tana cikin abubuwan da suka gina jam'iyyar Rifablikan a Illinois, domin mutanen Trumbull ba su manta bashin ba.

Abin da ya tunzura wannan zaɓe shi ne dokar Kansas da Nebraska ta 1854, kuma Douglas ne ubanta. Dokar ta soke layin da aka shata a 1820 wanda ya hana bauta a arewacinsa, ta ce mazauna kowane sabon yanki su yanke wa kansu ko suna son bauta. Sanatocin Kudu biyu ne kaɗai suka ƙi ta: Sam Houston na Texas da John Bell na Tennessee. Dukansu masu bayi ne, kuma dukansu sun hango cewa an tono rami. Majalisar Texas ba ta jira wa'adin Houston ya cika ba, tun 1857 ta zaɓi magajinsa. Bell ma bai koma ba. Kafin su an riga an yi wa Thomas Hart Benton na Missouri haka. Ya yi shekara 30 a majalisar, amma da 'yan majalisar jiharsa suka aiko masa da umarnin ya bi layin Calhoun a 1849 ya ƙi, ya zagaya jihar yana kai ƙararsu wurin jama'a, a 1851 suka kayar da shi. A ƙarshen 1859 Texas ta aiko Louis Wigfall, wanda ba ya ɓoye cewa ɓallewa yake so. A Arewa ma tsintsiyar na shara ta ɗaya gefen. Michigan ta sauke Lewis Cass a 1857, dattijon da ya yi wa Dimokurat takarar shugaban ƙasa, ta ɗora Zachariah Chandler na Rifablikan.

Irin zaman da ake yi a zauren ma ya canza. Ranar 22 ga Mayun 1856, kwana biyu bayan Sumner ya kammala wani jawabi mai zafi kan Kansas inda ya ci mutuncin Sanata Andrew Butler, ɗan'uwan Butler mai suna Preston Brooks, ɗan Majalisar Wakilai, ya same shi a zaune yana rubutu bayan an tashi daga zama. Ya rufe shi da duka da sandar hannu. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner sun maƙale a ƙarƙashinsa, sai da ya fizgo shi daga inda aka kafe shi kafin ya faɗi cikin jini. Tarar dala 300 aka ci Brooks. Ya yi murabus, mazaɓarsa ta mayar da shi, masoya suka yi ta aiko masa da sabbin sanduna. Majalisar Massachusetts kuwa a Janairun 1857 ta sake zaɓen Sumner da kusan dukkan ƙuri'unta, alhali ta san ba zai iya aiki ba. Kujerarsa ta zauna wayam kusan shekara uku. Da gangan jihar ta bar ta haka domin kowa ya gani.

Cikin wannan yanayi aka shiga 1858. Douglas ya ja ruwa, ruwan kuma ya fara dukansa. Kansas ta zama fagen kashe-kashe, magoya bayan bauta suka rubuta wani kundi a garin Lecompton ta hanyar da mafi yawan mazauna yankin ba su yarda da ita ba, Shugaba James Buchanan, shi ma ɗan Dimokurat, ya ce a karɓa. Douglas ya ƙi, domin abin ya saɓa wa ƙa'idarsa ta barin jama'a su zaɓa. Majalisar Dattawa ta amince da kundin, ta Wakilai ta ƙi, daga baya mutanen Kansas suka yi watsi da shi da gagarumin rinjaye. Buchanan ya ɗaura ɗamarar kayar da Douglas, ya riƙa korar mutanensa daga aikin gwamnati a Illinois, magoya bayansa suka tsayar da nasu 'yan takara daban. Har wasu manyan 'yan Rifablikan na gabas, irin su ɗan jarida Horace Greeley, suka fara cewa a bar wa Douglas kujerar.

Domin toshe wannan ƙofa ne 'yan Rifablikan na Illinois suka yi abin da ba a saba ba. A taronsu na 16 ga Yuni suka bayyana tun da wuri cewa Lincoln ne zaɓinsu, babu na biyu. Daga ranar, duk wanda zai zaɓi ɗan majalisar jiha ya san sanata yake zaɓa. Maganar hanya da gada da harajin jiha ta koma baya. A daren ne Lincoln ya yi jawabin da ya ce ƙasar ba za ta dawwama rabi bayi rabi 'ya'ya ba, dole ta koma ɗaya daga ciki.

Muhawara bakwai suka yi, daga Ottawa ranar 21 ga Agusta zuwa Alton ranar 15 ga Oktoba. Kowace sa'a uku ce: mai farawa ya yi awa ɗaya, ɗayan ya yi awa ɗaya da rabi, na farko ya rufe da rabin awa. Babu lasifika, babu rumfa ga jama'a. Manoma na zuwa a kan dawaki da kekunan shanu, su tsaya cikin ƙura ko sanyi. A Galesburg iska ta sa aka mayar da dandamalin jikin ginin kwaleji, sai ta taga masu jawabin suka fito kansa. Douglas gajere ne kakkaura, Lincoln ya fi shi tsawo da ƙafa guda cur. Douglas na yawo a taragon jirgin ƙasa na musamman, da 'yar igwa a baya da ake bugawa in an iso gari. Kafin su kai Alton muryarsa ta dishe. Jaridun Chicago sun turo masu saurin rubutu suna ɗaukar kowace kalma, cikin 'yan kwanaki ana karantawa a sauran jihohi, kuma wannan ne ya mayar da zaɓen jiha ɗaya zancen ƙasa.

A Freeport Lincoln ya yi masa tambayar da ta fi kowace nauyi. Shekara guda kafin nan, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sabbin yankuna. To idan haka ne, mazauna yanki za su iya hana ta kafin su zama jiha? Gaba kura baya siyaki. In Douglas ya ce a'a, ya rasa Illinois. In ya ce i, ya ƙara nisa da Kudu. Ya ce za su iya, domin bauta ba ta rayuwa sai da dokokin gida da 'yan sandan da ke tsare ta, in mazauna suka ƙi yin dokokin shi ke nan. Ba ranar ya fara faɗin haka ba, amma ranar ce kowa ya ji.

Bai kamata a wanke Lincoln fiye da yadda yake ba. Douglas ya yi ta zuga jama'a da cewa ƙasar ta fararen fata ce kuma abokin takararsa so yake a haɗa jini. Lincoln, da ya je Charleston a tsakiyar jihar inda ƙuri'un ke lilo, ya ce shi ba ya goyon bayan daidaita baƙi da fari a zamantakewa ko siyasa, ba ya son su yi zaɓe ko su riƙe muƙami. Abin da ya tsaya a kai bai wuce wannan ba: bauta zalunci ce, kada a bar ta ta yaɗu, kuma baƙar fata na da haƙƙin cin guminsa kamar kowa. Wannan ɗan abin ma ya ishi Kudu ta ɗauke shi maƙiyi. Mutanen da ake wannan cacar baki a kansu sun kusa miliyan 4 a ƙidayar 1860. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da ƙuri'a, kuma ko baƙaƙen da ke da 'yanci a Illinois ba su da ita. Duk lokacin da na karanta labarin muhawarar, wannan rashin nasu ne ke tsaya mini a rai.

Ranar 2 ga Nuwamba aka yi zaɓe. A takarar muƙaman jiha Rifablikan ta samu kimanin ƙuri'a 125,000, ɓangaren Douglas kimanin 121,000, mutanen Buchanan kimanin 5,000. Amma taswirar mazaɓu ta tsufa, ba ta lissafa da yadda arewacin jihar ya cika da sabbin mazauna ba. Ga kuma 'yan majalisar dattawan jihar 13 da wa'adinsu bai ƙare ba, mafi yawansu 'yan Dimokurat. Wasiƙar da John Crittenden na Kentucky ya rubuta yana yabon Douglas ita ma ta janye tsofaffin 'yan Whig na tsakiyar jihar. Da haka aka samu 54 da 46.

Douglas ya koma Washington ya tarar 'yan jam'iyyarsa sun riga sun tuɓe shi daga shugabancin kwamitin sabbin yankuna. A Fabrairun 1860 Jefferson Davis na Mississippi ya kawo ƙudurorin da ke neman gwamnatin tarayya ta tsare bauta a yankunan, wato amsa kai tsaye ga abin da aka faɗa a Freeport. A watan Afrilu jam'iyyar Dimokurat ta dare biyu a babban taronta. Lincoln kuwa ya tattara rahotannin muhawarar aka buga su littafi, ya ci zaɓen shugaban ƙasa da ƙasa da kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un jama'a.

Ga inda lissafin ke ba ni mamaki. A majalisar da ta zauna daga 1859, Dimokurat na da kujera 38 cikin 66. Ko bayan zaɓukan 1860 Rifablikan ba ta kai rabi ba. Lincoln ba zai iya naɗa minista ko alƙali ko jakada ba sai da yardar abokan hamayyarsa. Alexander Stephens, ɗan siyasar Georgia, ya faɗa wa majalisar jiharsa haka a watan Nuwamba, ya ce hannun mutumin a ɗaure yake, a zauna a yi faɗan a cikin gida. Ba a saurare shi ba. Kwana huɗu bayan zaɓe James Chesnut na South Carolina ya ajiye kujerarsa, abokinsa James Hammond ya bi shi, ranar 20 ga Disamba jihar ta ɓalle. Crittenden ya kawo shawarar sulhu ta maido da layin 1820 har zuwa teku. Lincoln ya rubuta wa Trumbull cewa kada a sassauta kan yaɗuwar bauta. A tsakiyar Janairu aka kawar da shawarar da ƙuri'a 25 da 23, alhali sanatocin Kudu shida suna nan suka ƙi jefa tasu. Ranar 21 ga Janairun 1861 Davis da wasu huɗu suka yi bankwana suka fice. A ranar majalisar ta amince da shigar Kansas a matsayin jiha marar bauta, abin da ta daɗe tana toshewa.

Abin da na fahimta shi ne, masu bayi sun daina duban wa ke da rinjaye yau, suna duban inda kujerun ke gangarawa. Kowane zagaye na zaɓe yana cinye musu aboki ɗaya ko biyu a Arewa, kowace sabuwar jiha na ƙara wa ɗaya ɓangaren kujera biyu, kuma da hannunsu suka karya Douglas, babban abokin da ya rage musu. Sun saba da majalisar da ba a iya komai sai da yardarsu. Zama a cikinta a matsayin masu neman goyon baya kamar kowa shi ne abin da suka kasa ɗauka.

Shin da jama'a ne ke zaɓen sanata kai tsaye, da an kauce wa yaƙin? Ban yarda ba. Mazaɓar Brooks da ƙuri'ar jama'a ta mayar da shi. Bauta ce tushen rigimar, da dukiyar da ke cikinta. Abin da tsarin ya ƙara shi ne ya ɗaure siyasar jiha da ta tarayya da igiya ɗaya, har ya zama babu wani ƙaramin zaɓe da mutum zai yi ba tare da ya ɗauki ɓangare ba. Sanata kuma ya san masu riƙe da kujerarsa 'yan mutane ne ƙalilan, waɗanda suka fi kowa zafin jam'iyya. Houston ya nuna haka: 'yan majalisa sun kore shi, amma a 1859 jama'ar Texas suka zaɓe shi gwamna.

Mu ma a Najeriya, a Jamhuriya ta Farko majalisun yankuna ne ke fitar da sanatoci, 12 daga kowane yanki, sai na Legas da 'yan ƙalilan da ake naɗawa. Sai dai a lokacin tamu majalisar ba ta da ƙarfi, iko yana Majalisar Wakilai, shi ya sa namu rikicin ya tafi kan ƙidayar 1962 da 1963 da zaɓen Disambar 1964. Inda aka ji Majalisar Dattawan sosai shi ne Janairun 1966, lokacin da shugabanta Nwafor Orizu, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sanar da miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi.

A Amurka an buɗe wuta a Fort Sumter ranar 12 ga Afrilun 1861. Douglas ya tsaya bayan Lincoln, ya rasu a watan Yuni. A Yuli majalisar ta kori sanatoci goma na Kudu. Andrew Johnson na Tennessee ne kaɗai daga jihohin da suka ɓalle ya ci gaba da zama a kujerarsa. Edward Baker, abokin Lincoln da majalisar Oregon ta zaɓa a 1860, ya mutu a fagen daga a watan Oktoba yana sanata. John Breckinridge na Kentucky ya shiga rundunar 'yan tawaye aka kore shi a Disamba. Trumbull, mai ƙuri'a biyar ɗin nan, shi ya shugabanci kwamitin shari'a da ya fitar da gyara na 13 wanda ya haramta bauta a 1865, bayan an rasa rayuka sama da 600,000.

A farkon 1870 majalisar dokokin Mississippi, jihar Davis, ta zauna zaɓen sanata ta fitar da Hiram Revels, malamin coci baƙar fata. 'Yan Dimokurat suka shafe kwanaki suna jayayya cewa bisa hukuncin Dred Scott bai cika shekara tara da zama ɗan ƙasa ba kamar yadda kundi ya shar'anta. Ranar 25 ga Fabrairu aka kaɗa ƙuri'a, 48 suka ce a rantsar da shi, 8 suka ƙi. Sumner na cikin 48 ɗin.